Abubuwan da ya kamata ka sani game da 58,100, lambar da ke kan fadamar Haɗejiya da Nguru

Daga ina lambar ta fito?

A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar ruwan Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, na farko ke nan a Najeriya. Faɗin wurin, wanda ya ratsa Jigawa da Yobe, hekta 58,100 ne. A 2008 dausayin Baturiya na ƙasar Haɗejiya ya biyo baya da hekta 101,095.

Cika ce ko mara?

Dubi wutsiyarta. Ta ƙare da sifili biyu, don haka cika ce, kuma 4 da 25 da 100 duk suna raba ta ba saura. Amma 3 ba ta raba ta: haɗa 5 da 8 da 1, ka sami 14, ita kuwa 14 ba ta rabuwa gida uku.

Da me aka gina ta?

Akwai lambobin tushe, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7. Duk wata lamba da ta haura 1, in ba tushe ba ce, to ninkin irinsu ce, kuma ta hanya ɗaya tak. Cire sifilan nan biyu, saura 581, wato 7 sau 83. Ke nan 58,100 ita ce 2 × 2 × 5 × 5 × 7 × 83. Daga waɗannan ake samun lambobi 36 da ke raba ta cif.

Girma ne ke kawo yawan rabo?

Ko kusa. Lambar Baturiya ta kusa ninka ta biyu, amma 5 ce kawai sau 20,219, wadda ita ma tushe ce. Masu raba ta huɗu ne rak: 1, 5, 20,219 da ita kanta.

Wane aji take?

Masana lissafin Girka na dā sun kasa lambobi gida uku. Tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, kamila ce, kamar 6 da 28. In ta gaza, mai gibi ce. Lambar Baturiya 20,225 kawai take tarawa. In ta zarce, mai rara ce, kuma nan 58,100 ta faɗa, da jimlar 87,724.

Ina amfanin wannan?

Tambayi malamin da ke rabon gado. Kasonsa ya haɗa da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, shi ya sa yake kafa lissafi kan 6, 12 ko 24. Ba shi 58,100, zai fitar da rabi da rubu'i sumul, amma sumuni zai faɗo a 7,262 da rabi, sulusi kuma ya bar saura 2.