Liman Ashafa da Fasto Wuye

Duk wanda ya zauna a Kaduna a 1992 bai manta da rikicin Zangon Kataf ba, yadda wutar ta taso daga kudancin jihar ta faɗo cikin gari. Cikin samarin da suka ja daga a lokacin akwai Muhammad Ashafa a ɓangaren Musulmi, da James Wuye a ɓangaren Kirista. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa kuwa aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowa ya ƙulla a ransa sai ya rama.

A 1995 wani wanda ya san su duka biyun ya haɗa su a wajen taro, ya roƙe su su zauna su yi magana. Sun gaisa dai, amma ta ciki na ciki.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinsu shi ne yadda sauyin ya zo a hankali, ta hanyar zumunci irin wanda muka saba da shi. Mahaifiyar Wuye ta kwanta asibiti, sai ga Ashafa ya zo dubiya. Mutumin da kake ɗauka dodo ne ya tsaya a gefen gadon tsohuwarka yana yi mata sannu, yaya za ka yi da ƙiyayyarka? Duk da haka ba ta gushe nan take ba. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa shekara uku suna aiki tare, in tafiya ta haɗa su ɗaki ɗaya, zuciyarsa takan raya masa ya danne Ashafa da matashin kai yana barci. Na girmama shi da bai ɓoye wannan ba.

Shi kuma Ashafa huɗubar Juma'a ce ta karya masa zuciya, ranar da limamin masallacin ya tuna musu yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi (SAW) har jini ya zuba, amma ya ƙi yarda a hallaka su.

Cibiyar sulhun da suka kafa a Kaduna tana cikin waɗanda suka tsaya aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta malaman addini 22 a 2002. Bayan kashe-kashen Yelwa ta yankin Shendam a jihar Filato a 2004, su aka gayyato suka zaunar da ɓangarorin biyu. Tsakanin Ashafa da Wuye babu wanda ya bar addininsa ko ya sassauta aƙidarsa, kuma tare suka ci gaba da aikin.