Masu Karanta Fuska: Aikin Kula da Masu Raunin Fahimta a Ingila Lokacin Korona

A daren Litinin 23 ga Maris 2020, Firaminista Boris Johnson ya fito a talabijin ya umarci mutanen Birtaniya da su zauna a gida. Ma'aikatan ofis suka kwashi kwamfutocinsu suka koma ɗaki. Amma akwai waɗanda gari na wayewa suka kama hanya kamar kullum, saboda aikinsu ba ya yiwuwa daga nesa. Ba a yi wa mutum wanka ta waya, ba a kuma ba shi abinci a baki ta intanet. Cikinsu akwai masu kula da mutanen da aka haifa da raunin fahimta, sana'ar da ba kasafai ake jin labarinta ba sai in wani abu ya ɓaci.

Ƙungiyar Mencap, wadda wasu iyaye suka kafa tun 1946, ta ƙiyasta cewa masu irin wannan lalura sun kai miliyan ɗaya da rabi a Birtaniya. Akwai masu lalurar Dawun, akwai wasu daga cikin masu galahanga, akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen haihuwa. Ba taɓin hankali ba ne, kuma ba ciwo ba ne da ake sha wa magani ya warke. Mutum ne da yake koyon abu a hankali, yake buƙatar mai tsaya masa a wasu al'amuran rayuwa, wani kaɗan, wani kuma dare da rana. A da, manyan asibitoci ake ginawa a bayan gari a tara su a ciki, wasu tun suna yara har su tsufa. An yi shekaru ana rufe waɗannan wurare, na ƙarshensu a Ingila, Orchard Hill, ya rufe a 2009. Yanzu da yawansu suna hannun iyaye, wasu kuma suna zaune a ƙananan gidaje cikin unguwa, mutum uku ko huɗu, kowa da ɗakinsa, ma'aikata na karɓa-karɓa a kansu.

In ka tambayi mai wannan aiki me yake yi, zai lissafa maka abubuwan da ido ke gani. Tada mutum daga barci, taimaka masa ya yi wanka ya sa kaya, ba shi magani a kan lokaci a kuma sa hannu a takardar magani. Girki, wanda shi ma da ƙa'idarsa, domin wani sai an niƙa masa abinci, wani sai an kaurara masa ruwan sha, in ba haka ba ya ƙware abin ya gangara huhu. Raka shi kanti, raka shi wajen likita, ƙirga masa canjinsa, rubuta duk abin da ya faru a littafin da mai karɓar aiki zai karanta. Duk wannan ana koyonsa cikin 'yan makonni.

Abin da ba a koyo cikin makonni shi ne sanin mutumin. A ɗauki wanda ba ya magana sam. Mai kula da shi na shekara biyar ya san cewa in ya ture kofin shayinsa da safe, ba ƙoshi ba ne, wani wuri ke masa ciwo. Ya san bambancin ƙarar da yake yi in yana murna da wadda yake yi in ya tsorata, alhali ga kunnen baƙo duk ɗaya ne. Ya san cewa in ya fara cizon hannunsa, hayaniya ce ta yi masa yawa, a kashe rediyo a rage haske. Ya san wace hanya ake bi da shi zuwa kanti, da abin da zai faru in aka bi wata. Wannan ilimi ba ya cikin littafi, domin kowane mutum da nasa, kuma yana tafiya ne ranar da ma'aikacin ya ajiye aiki. A ganina nan ne ainihin sana'ar take, kuma nan ne annoba ta fi dukanta.

Abu na farko da kulle ya rusa shi ne tsarin yini. Ga yawancinmu, canjin tsari ɗan ɓacin rai ne. Ga mutumin da ya san ranar Talata da zuwa cibiyar yini, ya san Asabar da zuwan mahaifiyarsa, wannan tsari shi ne yadda yake gane duniya. Kwatsam aka rufe cibiyoyin, aka hana ziyara. Ta yaya za ka bayyana ƙwayar cutar da ba a gani ga wanda yake tsaye bakin ƙofa da jakarsa tun ƙarfe takwas yana jiran motar da ba za ta zo ba? Wasu sun ɗauka laifi suka yi ake hukunta su. Wasu sun ɗauka iyayensu sun mutu an ɓoye musu. Ma'aikata suka koma zana hotuna, suna maimaita bayani iri ɗaya sau goma a yini, suna ƙirƙiro sabon tsari a cikin gida domin kowace rana ta samu abin da za a gane ta da shi. Ita kanta ƙa'idar gwamnati ta farko ta ce fita motsa jiki sau ɗaya ne a rana. Sai da lauyoyin wasu iyalai suka ƙalubalanci gwamnati kafin a watan Afrilu aka sassauta wa masu galahanga da masu raunin fahimta, aka yarda su fita fiye da sau ɗaya.

Sai takunkumi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu wanda ya fi waɗannan mutane riƙo da wannan magana. Da yawansu ba kalmomi suke bi ba, fuskar mai magana suke karantawa. Ko alamomin hannu na Makaton da ake amfani da su a can, tare da magana da yanayin fuska suke tafiya. Rana ɗaya mutumin da ka sani ya shigo ɗakinka da rabin fuska a rufe, da safar hannu da rigar leda. Akwai waɗanda suka firgita, akwai masu kai hannu su fizge ƙyallen. Wasu ma'aikatan suka riƙa maƙala hotonsu suna murmushi a gaban riga, wasu suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa su nuna fuska daga nesa kafin su rufe. Ƙananan dabaru ne, amma da su aka samu aka ci gaba da yi wa mutane wanka ba tare da kokawa ba.

Nauyi mafi girma yana kan shugaban gida, kuma galibi mace ce, kamar yadda mata suka fi yawa a aikin baki ɗaya. Babban abin da ke hana ta barci shi ne jadawalin aiki, domin gida irin wannan ba a barinsa ko na awa ɗaya babu ma'aikaci. A makonnin farko duk wanda ya yi tari sai ya killace kansa, gwaji kuma babu. Da aka fara aika kayan gwaji gidajen kula a watan Mayu, gidajen tsofaffi da masu ciwon mantuwa aka sa a gaba, sauran sai a watan Yuni. Kayan kariya kuwa asibitoci aka fi karkata wa, shugabannin gidaje suna buga waya nan da can suna neman takunkumi a kowane farashi. In ma'aikata biyu suka kwanta, zaɓi biyu ne gabanta, kuma babu mai daɗi. Ko ta ɗauko ma'aikacin wucin gadi daga kamfani, wanda jiya yana wani gida gobe yana wani, mai yiwuwa da cutar a jikinsa, kuma bai san kowa a gidan ba. Ko ta roƙi waɗanda suka rage su ninka aiki. A wurare da dama ma'aikata sun tattaro kayansu sun tare a gidajen, sun yi makonni ba su ga 'ya'yansu ba.

A tuna kuma da abin da ake biyansu. Mafi ƙarancin albashi daga Afrilun 2020 fam 8.72 ne a awa ga wanda ya kai shekara 25, kuma da yawan masu wannan aiki a nan suke ko sama da shi kaɗan. A lokacin, kuɗin rashin lafiya na doka fam 95.85 ne a mako. Mace mai haya da yara, in ta ji maƙogwaronta na ƙaiƙayi, lissafi biyu ne ke kokawa a zuciyarta. Ba na jin akwai adalci a ɗora wa mutum irin wannan zaɓi sannan a zarge shi da abin da ya zaɓa.

Inda zuciya ta fi karaya shi ne ƙofar asibiti. Tun kafin korona, binciken mace-macen da hukumar lafiya ta NHS ke gudanarwa ya nuna masu raunin fahimta suna mutuwa da wuri fiye da sauran jama'a da sama da shekara 20, kuma ciwon huhu na cikin manyan dalilai. Wani dalilin kuma shi ne likita ya ga mutum yana ihu ko ya yi lamo, ya ce ai halin lalurarsa ne, bai nemi ciwon da ke ƙasa ba. Saboda haka ne aka ƙirƙiro abin da suke kira fasfon asibiti: 'yar takarda da ke faɗin yadda mutum yake nuna ciwo, yadda yake cin abinci, abin da ke tsorata shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Da aka rufe asibitoci ga masu rakiya, sau da yawa wannan takarda ce kaɗai ta bi majinyaci cikin motar asibiti. Ƙa'ida ta ba da damar a bar mai rakiya ga irin waɗannan mutane, amma ba ko'ina aka bi ta ba.

A watan Maris na 2020, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta fitar da ma'aunin da likitoci za su duba wajen yanke wa ya dace da sashen kulawa mai tsanani. Ma'aunin yana rage wa mutum daraja gwargwadon yadda yake dogaro da wani a harkokin yau da kullum. An yi shi ne domin tsofaffi, amma in aka ɗora shi a kan saurayi lafiyayye mai shekara 30 da ke buƙatar a taimaka masa sa tufafi, sai ya fito kamar wanda ya kusa ƙarewa. Ƙungiyoyi da iyalai suka tashi tsaye, cikin kwanaki aka gyara. Sai kuma aka fara samun rahotannin takardun da ke cewa kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da mutum in zuciyarsa ta tsaya, an sa su a fayil ba tare da an tambayi mai fayil ɗin ko danginsa ba. Hukumar CQC mai sa ido kan wuraren kula ta bincika, kuma a rahotonta na Maris 2021 ta ce ta samu irin waɗannan fiye da 500 a tsakanin waɗanda ake kula da su, tsofaffi da masu nakasa. A lokuta da yawa wanda ya fara gani ya ɗaga waya ya ce bai yarda ba, ma'aikacin nan ne mai fam takwas da 'yan kai.

Alƙaluman sun fito a Nuwamba 2020. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a zangon farko na annobar, mutuwar masu raunin fahimta ta ninka ta sauran jama'a fiye da sau huɗu, kuma in aka yi la'akari da waɗanda ba a yi wa rajista ba tana iya wuce sau shida. Tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 34, ta ninka sau 30. Duk da haka, da riga-kafi ya zo a Disamba, ba dukkansu aka sa a sahun gaba ba. Sai a Fabrairun 2021, bayan Jo Whiley, mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC, ta fito ta ce an kira ta riga-kafi kafin ƙanwarta mai lalura, wadda daga baya cutar ta kwantar a asibiti, sannan gwamnati ta ce a gayyato duk wanda ke cikin rajistar masu raunin fahimta ta likitocin unguwa. Ko a nan aikin ya koma hannun masu kula. Mutumin da ke tsoron allura sai an yi kwanaki ana shirya shi, ana nuna masa hoto, ana gwada naɗe hannun riga, wani ma sai a cikin mota ko a kan kujerarsa ta gida aka yi masa.

Makonni goma aka yi ana fitowa ƙofar gida duk daren Alhamis ana tafa wa ma'aikatan lafiya da na kula. A ranar 19 ga Maris 2021 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ma'aikacin da ya kwana a gidan aiki yana jiran ko za a buƙace shi ba shi da haƙƙin mafi ƙarancin albashi na awannin da ya yi barci. Mutane suka riƙa barin aikin suna komawa kantuna da rumbunan kaya. A shekarar 2021 zuwa 2022 guraben da babu kowa a aikin kula da manya a Ingila sun kai kimanin 165,000. Gwamnatin da a farkon 2020 ta tsara dokar shige da fice da ta ɗauki wannan aiki a matsayin na marasa ƙwarewa, ita ce a Fabrairun 2022 ta buɗe masa ƙofar biza. Ta wannan ƙofa dubban 'yan Najeriya da 'yan Ghana suka shiga, wasunsu yau su ne ke riƙe da waɗannan gidaje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda ya yi wata shida a aikin ya san ba na marasa ƙwarewa ba ne.

A wajenmu uwa ce ko kaka ko yaya ke wannan aiki, babu albashi babu mai karɓarta, kuma duk abin da ta sani game da yaron yana cikin kanta ita kaɗai. Wanda ke da irin wannan mutum a gidansa, a Kano yake ko Maraɗi ko Manchesta, ya samu takarda ɗaya ya zauna da mai kula da shi su rubuta: yadda yake nuna yana jin ciwo, maganin da yake sha, abin da yake iya haɗiya, abin da ke firgita shi, da sunan wanda yake yarda da shi. A ajiye ta inda kowa a gidan ya sani, tun kafin ranar da za a kai shi asibiti a ce mai kula da shi ta tsaya a waje.