Madubin Jingine: Ado Ne Ko Tarkon Yara?

A gidajen haya na Doha, daga Najma zuwa Al Sadd, dogon madubin da ake jinginawa da bango ya zama abin yayi. Sai dai yaro mai rarrafe da ya hango fuskarsa zai dafa ya miƙe, tayil kuma santsi gare shi.

A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun rufto sun kashe yara. Madubi kuwa, ga nauyi ga gilashi.

Iyaye, a nemi izinin mai gida, a huda bango, a kafa ƙarfe biyu, a ɗaure saman madubin tam. Kuɗin toshe rami bai kai ran ɗa ba.