Kunne Ke Ji, Ƙwaƙwalwa Ke Fassara: Darasin Hatsarin Tenarif

Gabatarwa

Matuƙin jirgin sama da jami'in hasumiya, wato wanda ke ba jirage umurnin tashi da sauka, ba sa ganin juna. Muryar rediyo ce kaɗai ke haɗa su. Wannan maƙala za ta duba yadda saɓanin fahimta ke shiga tsakaninsu, tare da misalin hatsarin da ya fi kowane cin rayuka a tarihin sufurin jiragen sama, sannan ta bayyana rawar da kunne da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke takawa a ciki.

Abin da ya faru a Tenarif

A ranar 27 ga Maris, 1977, bam ya tashi a filin jirgin saman Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifen. Saboda haka aka karkatar da jirage da dama zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeos a tsibirin Tenarif. Daga cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Jirage suka cika filin har suka toshe hanyar gefe, ya zama dole duk mai shirin tafiya ya gangara ta kan titin tashi kansa, ya je ƙarshensa ya juyo.

Jirgin KLM ne ya fara gangarawa. Na Pan Am ya biyo baya, da umurnin ya ratse a mafita ta uku, amma ya wuce ta. Ana cikin haka hazo mai kauri ya rufe filin. Hasumiya ba ta ganin jiragen, jiragen ba sa ganin juna, kuma filin ba shi da na'urar rada mai nuna motsin jirage a ƙasa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A ranar gani ya kau, ji kaɗai ya rage.

Jami'in hasumiya ya karanta wa jirgin KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Wannan bayanin hanya ne kawai, izinin tashi daban yake, amma kalmar "tashi" ta fito a cikinsa. Mataimakin matuƙi ya maimaita bayanin, ya ƙara da wata jimla mai harshen damo, wadda ke iya nufin suna wurin tashi, ko kuma suna cikin tashi. Jami'in ya ɗauki ma'ana ta farko, ya ce "OK", ya ɗan dakata, sannan ya ce su jira zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am suka yi magana don sanar da cewa har yanzu suna kan titi. Saƙonnin biyu suka yi karo, abin da ya isa ɗakin matuƙan KLM sosai shi ne "OK", sai wata ƙara mai kama da fito.

Jirgin ya riga ya fara gudu. Injiniyan jirgin ya tambaya ko na Pan Am ya bar titi, kyaftin Jacob van Zanten ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Da ƙarfe 5:06 na yamma jiragen suka yi karo. Mutum 583 suka rasu: duk mutum 248 da ke cikin KLM, da 335 na Pan Am. Mutum 61 ne suka tsira.

Raunin rediyo

Jiragen farar hula na magana a kan zango tsakanin megahaz 118 da 137. Duk jiragen da ke ƙarƙashin jami'i ɗaya suna amfani da tasha guda, kuma mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci ɗaya. Wanda ya danna maɓallin magana ba ya jin kowa har sai ya saki. Idan biyu suka danna tare, igiyoyinsu kan cakuɗe, ɗan bambancin saurin kaɗawarsu ya fito a matsayin fito. Masu maganar ba su san an toshe su ba, sai masu sauraro.

Bugu da ƙari, kunnen matashi mai lafiya na jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, amma rediyon magana na ɗaukar kimanin 300 zuwa 3,000 ne kawai. Baƙaƙe irin su "s" da "f" a can sama bambancinsu yake, don haka sukan yi kama da juna a rediyo.

Raunin mai sauraro

Aikin kunne shi ne mayar da girgizar iska zuwa saƙon jijiya. Ƙwaƙwalwa ce ke ba saƙon ma'ana, kuma idan wani yanki ya ɓace takan cike giɓin da abin da take tsammani. Wannan baiwa ce ke sa mu fahimci abokin hira a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Amma ga mutumin da ya gaji, ya ƙosa, takan sa ya ji abin da yake son ji. Matuƙan KLM sun shafe sa'o'i suna jira, kuma dokar Holan ta ƙayyade tsawon lokacin aikinsu. Da sun wuce shi, da tafiyar ta fasa. Haka kuma van Zanten shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, abin da masu bincike suka ga ya sa na ƙasa da shi ba su dage ba.

Wani lokacin kuma kalmar da ba a furta ba ce ke jawo asara. A ranar 25 ga Janairu, 1990, jirgin Avianca na ƙasar Kolombiya ya daɗe yana shawagi kafin sauka a Niyok. Matuƙansa sun ce mansu na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da ke ayyana halin gaggawa ba. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi, mutum 73 daga cikin 158 suka rasu.

Gyaran da aka yi

Bayan Tenarif aka tsaurara ƙa'idojin magana. Kalmar "tashi" ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. A sauran lokuta wata kalma daban ake amfani da ita. "OK" ba ta cikin kalmomin aiki. Wajibi ne matuƙi ya maimaita muhimmin umurni tare da lambar jirginsa, jami'i kuma ya saurari maimaicin ya gyara kuskure. Haruffa na da sunaye, Alfa, Bravo da sauransu, lambar tara ta Turanci kuma ana furta ta "naina" don kada ta yi kama da biyar. Mai neman agajin gaggawa kan ce "Mayday" sau uku. Ana kuma horar da ƙananan matuƙa su ja hankalin kyaftin, shi kuma ya saurara. Daga 2008, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta sharɗanta wa matuƙa da jami'ai masu aikin ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 a gwajin Turanci. Waɗannan ƙa'idoji ne ake koyarwa a kwalejin koyon sufurin jiragen sama ta Zariya, da makarantar EAMAC ta Yamai.

Kammalawa

Malamai na iya gwada wannan a aji. A zaunar da ɗalibai biyu su juya wa juna baya, sauran su riƙa surutu, ɗaya ya karanto jerin lambobi shida-shida ɗaya yana rubutawa. A sake yi da sabon jeri, wannan karon marubucin na maimaita kowace lamba da babbar murya kafin ya rubuta. A ƙirga kurakuran zagaye biyun a kwatanta. Ɗalibai za su gane wa kansu dalilin da ya sa a harkar jiragen sama ba a ɗaukar saƙo ya isa sai an ji ya dawo daga bakin wanda aka aika wa.