FITA DA IYALI BAKIN RUWA: ABIN GANI DA ABIN KIYAYEWA

Manomin Kura da na Bunkure ba baƙon ruwa ba ne. Da shi yake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina. Amma a tambayi yaran gidansa daga ina wannan ruwa yake zuwa, da yawansu za su ce daga kanal, a nan saninsu ya tsaya. Saboda haka yana da kyau maigida ya ware rana guda ya fita da iyalinsa, su bi ruwan nan har inda aka tare shi. Gani ya kori ji. Yaron da ya san hanyar ruwa da halinsa zai san darajarsa, zai kuma san inda yake kisa.

DAGA INA RUWAN YAKE ZUWA?

Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan da ke kudancin jihar, wajen da ƙasa ta fara hawa zuwa tsaunukan Jos. Ya ratsa dajin Falgore, ya gangaro Tiga cikin ƙaramar hukumar Bebeji. A nan aka datse shi. An gama dam ɗin Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tsawon ganuwarsa ya kai kimanin kilomita 6, tsayinta kuwa mita 48. Idan ya cika, ruwan yakan rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 180.

Daga Tiga babban kanal ya ɗauko ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har cikin gonakin Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da wannan aiki. Abin lura shi ne ba inji ne ke turo ruwan ba. Tiga ta fi gonakinmu tudu, don haka ruwan da kansa yake gangarowa.

Wanda aka saki cikin kogi kuwa yakan wuce ya haɗu da kogin Chalawa, su bi ta Wudil da Haɗeja, har fadamun Nguru da ƙasar Yobe. Ke nan akwai manoma da masunta da makiyaya can nesa da suke jiran ragowar abin da muka bari. Wannan darasi ne da ya kamata yara su ji tun suna ƙanana.

YADDA ZA A TSARA FITAR

Ba sai an kashe kuɗi masu yawa ba. Za a iya farawa da ƙafa daga gonar gida. A bi ƙaramar hanyar ruwa har inda ta fito daga babba, a nuna wa yara ƙofar da ake buɗewa da rufewa, da tafkunan da ake tara ruwa da dare don a yi ban ruwa da safe. Tafiyar awa ɗaya ko biyu ta isa, domin ƙaramin yaro ba ya jure tafiyar babba.

Masu hali sai su shiga mota zuwa Tiga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rana ba ta da zafi sosai. A fita da sassafe, a dawo kafin magariba. A ɗauki ruwan sha daga gida, da abinci, da tabarma, da doguwar igiya. Kowa ya sa takalmi saboda ƙaya da maciji. Idan an isa, a nemi izinin ma'aikatan da ke tsaron wurin kafin a hau ganuwa, kuma inda suka ce kada a je, to kada a je. Leda da gwangwanin da aka zo da su a koma da su, don su ne ke toshe hanyoyin ruwa.

MATSIRGAR RUWA

Matsirga ita ce wurin da ruwa ke zubowa daga bisa zuwa ƙasa. Tana samuwa ne inda kogi ya bi ta kan dutse mai tauri ya faɗa kan ƙasa mai laushi. Shekara da shekaru ruwa yana cin mai laushin, mai taurin yana nan, har a sami gangare mai tsayi. A gindinsa kuma ruwan yakan haƙa rami mai zurfi.

Ƙasar Kura da Bunkure shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa ba mu da irin wannan. Mai son gani sai ya nufi Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, garin da aka sani da haƙar kuza, inda akwai matsirgar Zainabi cikin duwatsu. A wajen jihar akwai ta kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna, wadda sunanta ma Matsirga, da ta Gurara a Jihar Neja. An fi jin daɗin ganinsu a ƙarshen damina, ruwa bai janye ba, ambaliya kuma ta wuce. Hanyar Riruwai ta ratsa dajin Falgore, wanda ya sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi, don haka a binciki lafiyar hanya tukuna, a yi tafiyar da rana, a kuma nemi ɗan gari ya yi jagora.

Amma akwai ƙananan matsirgu na siminti a cikin kanal ɗinmu. Injiniyoyi ne suka gina su inda ƙasa ta yi gangare, don a karya ƙarfin ruwa kada ya cinye bango. Yara suna son wurin saboda kumfa da ƙara, alhali nan ne ya fi ko'ina haɗari. Ruwan da ya faɗo yakan nutse, ya taso, ya juyo baya, yana ta kewayawa. Wanda ya faɗa ciki, ko gwani ne a ninƙaya, ruwan zai riƙa mayar da shi ƙasa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na ɗaya, kanal ba kududdufi ba ne. Bangonsa a karkace yake, ga santsin gansakuka, babu abin kamawa. Ana iya ƙara ruwa daga sama ba tare da na ƙasa ya sani ba. Haka ma a kogi, ruwan sama da aka yi can nesa yana iya kawo ambaliya alhali inda kake ko hadari babu.

Na biyu, a raba yara tsakanin manya, kowa ya san wanda yake hannunsa. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, cikin 'yan mintoci an rasa shi. Idan wani ya faɗa, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi. A miƙa masa gora, ko a jefa igiya, ko jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta.

Na uku, kada a shiga kwalekwalen da aka cika maƙil. Ba a manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai ba a watan Nuwamba na 2021, inda jirgi ya kife da mutane, aka rasa rayuka fiye da 20, akasarinsu yara 'yan makaranta.

Na huɗu, tsargiya. Wasu suna ɗaukan fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne. Mai ciwon idan ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi. Bayan 'yan makonni tsutsotsi su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko da bai sha ba. Bayan wata biyu zuwa uku sai a fara ganin jini. In an bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda, yana kuma tsotse jinin yaro. Mata ma suna kamuwa wajen wanki. Maganinsa ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana samunta a asibiti, wani lokaci a kan raba ta kyauta a makarantu. A hana yara wanka a ruwan da ke kwance mai ciyayi, kuma babba da yaro kada wanda ya yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa.

Idan an dawo gida, maigida ya tambayi yaran abin da suka gani: ina ruwan ya fito, ina ya nufa, wane wuri ne ba a kusanta. Amsar da suka bayar ita za ta nuna ko fitar ta yi amfani. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kuma ba mu damina da rani masu albarka.