Kamun Kifi A Rafukan Duwatsun Montana Idan Zafi Ya Kai Ƙarshe

A watan Agusta, lokacin da marka ta ke sauka a gida Arewa, koguna su na cika su na tumbatsa, a Jihar Montana ta ƙasar Amurka sai abin ya juya. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Roki a sa'an nan ne su ke janyewa, har mutum ya iya ƙetare waɗansunsu ruwa bai wuce masa gwiwa ba. Dalili kuwa shi ne yawancin ruwansu na dusar ƙanƙara ne wadda ta taru bisa duwatsu da hunturu. Ta kan narke a watannin Mayu da Yuni, kafin Agusta saura kaɗan.

A cikin waɗannan rafuka a ke samun wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki wanda Turawa ke kira tirawut. Akwai irinsa mai jan zane a ƙarƙashin muƙamuƙi, wanda Jihar Montana ta ɗauka ya zama kifinta na alama a shekarar 1977. Ba a kama tirawut da koma ko taru, sai da fatsa, kuma galibi don nishaɗi. Da yawa daga cikin masu kamun su kan zare ƙugiya su mai da shi ruwa da ransa.

Wanda ya san tarwaɗa zai yi mamakin wannan kifi. Tarwaɗa ta na iya zama cikin taɓo mai ɗumi, ta leƙo ta shaƙi iska. Tirawut ba shi da wannan baiwa. Da iskar oksijin da ke narke cikin ruwa kaɗai ya ke rayuwa, shi kuwa ruwa gwargwadon ɗuminsa gwargwadon raguwar iskar da ya ke riƙewa. Idan zafin ruwa ya tashi daga digiri 10 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ya tafi ke nan, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi bukatarta. Da zarar ruwa ya kai digiri 20, tirawut ya shiga wahala.

Saboda haka sai kifayen su taru a 'yan wurare kaɗan: gurbi mai zurfi, inuwar itatuwa, bakin idon ruwa mai sanyi, da inda ruwa ke dukan duwatsu ya na kumfa. Gwanin fatsa ya san wuraren nan sarai. Amma ruwan ya yi garau, kifi na hangen mutum daga nesa, tilas ya riƙa sanɗa, ya sa siririn zare, kada inuwarsa ta faɗa kan ruwa.

Har ila yau wannan ne lokacin fara. Iska ta kan kwaso fara da tururuwa daga ciyawar gaɓa ta zuba su cikin rafi, kifi ya taso ya cafke. Don haka masu fatsa su kan ɗaura farar ƙarya a ƙugiya, wadda a ka yi da gashin tsuntsu da soso, su jefa ta gab da gaɓa.

To, a nan haɗarin ya ke. Kifin da a ka ja da fatsa cikin ruwa mai ɗumi ya kan galabaita ƙwarai. Ko an sake shi ya tafi kamar lafiya lau, ya na iya mutuwa daga baya. Wannan ya sa hukumar kula da kifi da namun daji ta Montana ta ke da wata ƙa'ida: idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere, ta na iya hana kamun kifi a wurin daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Mutanen can su na kiranta dokar mujiya, domin ta na mai da aiki zuwa asuba, lokacin da a ke jin kukan mujiya. Da safe ne ruwa ya fi sanyi, bayan ya kwana ya huce.

Wani lokaci abin ya kan wuce haka. A watan Agusta na 2016, wata cuta da ke tsananta idan ruwa ya ragu ya yi ɗumi ta kashe dubban kifaye a Kogin Yellowstone, har hukuma ta rufe mil 183 na kogin tare da rafukan da ke zuba cikinsa. Masu masauki da masu yi wa baƙi jagora su ka yi asara mai yawa, gama da kifin nan su ke ci da iyalinsu.

Masu hankali daga cikin 'yan fatsa ba su jiran hukuma. Kowa na tafe da ma'aunin zafi a aljihu, ya tsoma a ruwa kafin ya jefa ƙugiya. In ya ga digiri 20, sai ya naɗe zarensa, ko ya hau can saman dutse inda ruwa bai ɗumama ba. In ya kama kifi, ya kan jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, ya sake shi nan take.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A Argungu ma a kan hana su a Matan Fada sai ranar gasa, don kifi ya samu sarari ya girma. Ko a ina ne, masuncin da ya ke son ya dawo baɗi ya samu kifi, dole ya san ranar da zai ƙyale ruwa ya huta.