Ba Baƙin Ciki Wuri: Dabarun Taimakon Masu Damuwa a Ikkilisiyoyinmu

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ciwo wanda buhun masara da bargo ba sa maganinsa, wato ciwon zuciya da tunani bayan masifa.

Mazaunin ƙasar Talata Mafara, Bakura ko Maradun ba sai an ba shi labari ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Jangebe, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Waɗannan su ne duniya ta ji a rediyo. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa: manomin da aka tare a gona, iyalin da suka sayar da shanun noma domin kuɗin fansa, matar da har yau ba ta ga gawar mijinta ba. Masifar ba ta tambayi Musulmi ko Kirista ba. Mutum yakan dawo gida, amma barci ya ƙi dawowa. Ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa gabansa ya faɗi.

Me aka saba faɗa wa irin wannan mutum? "Yi haƙuri." "Cire abin a ranka." "Ki daina tunani." Wani lokaci ma a ce masa, "Ina bangaskiyarka?" Da kyakkyawar niyya ake faɗar duka, amma ta ƙarshen nan ƙarin kaya ce kawai: da yana ɗauke da tsoro, yanzu ga tsoro ga kunya. Batun daina tunani kuwa, ku gwada da kanku. Ku yi minti ɗaya kada ku tuna da farin raƙumi. Me kuka gani? Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji a 1987, ya hana mutane tunanin farar beyar. Sun kasa, kuma da aka ɗage hanin sai tunanin ya dawo musu da yawa. Abin da ka tsare ƙofa domin kada ya shigo, ai hankalinka a kansa yake.

Daga irin wannan fahimta ne wani malami a Jami'ar Nebada ta Amurka, Steven Hayes, da abokan aikinsa suka tsara wata hanyar jinya ta magana tun daga shekarun 1980, suka fitar da littafinta a 1999. A taƙaice ana kiranta ACT, mu kuwa za mu ce mata hanyar karɓa da aikatawa. Tushenta shi ne, mutum ya bar kokawa da tunani da jin zafin da ba zai iya kora ba, ya mayar da ƙarfinsa ga aikata abin da ke da daraja a wurinsa.

Da farko masana ne kawai ke amfani da ita a asibiti. To, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Abin da ya sa muka ga ya kamata ku ji labarin nan shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa hanyar ta zama darasi biyar, kowane na awa biyu, wanda mutanen gari marasa karatun likita za su iya jagoranta bayan ɗan horo, ga taron mutum 20 zuwa 30. An gwada wannan a arewacin Yuganda da mata 694, 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, a ƙauyuka 14. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa bayan wata uku, damuwar matan da suka bi darussan ta ragu fiye da ta waɗanda ba su bi ba. Mata ne kaɗai a gwajin, kuma raguwa aka gani, ba warkewa ɗungum ba. Duk da haka, mata ne irin namu, manoma da yaƙi ya kora daga gida. A 2020 ɗin kuma Hukumar ta fitar da ɗan littafi mai hotuna da ke koyar da dabarun guda biyar.

Yadda ake yi

Ta farko ita ce kafa ƙafa. Idan tsoro ya taso kamar hadarin Agusta, ba ka da ikon tsayar da shi, amma kana iya tsayawa da ƙafarka har ya wuce. Sai ka ce wa mutumin ya fitar da numfashi a hankali har huhunsa ya zama wofi, ya bar shi ya cika da kansa. Ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya haɗa tafin hannu ya matse. Sannan ya faɗi abu biyar da yake gani, uku ko huɗu da yake ji a kunne, da abin da yake shaƙa. Ga rumbu, ga akuya, ga turmi, ga bishiyar dogon yaro. Ba a yin wannan domin tsoro ya tafi. Ana yi domin mutumin ya dawo tsakar gidansa, maimakon dajin da tunani ya kai shi. Minti ɗaya ko biyu ya isa, amma a riƙa yinsa kullum, har lokacin da lafiya lau ake, domin ba ranar farauta ake kiwon kare ba.

Ta biyu ita ce zare ƙugiya. Masuntan madatsar Bakolori sun san yadda kifi yake idan ƙugiya ta kama shi: inda aka ja shi, can zai bi. Haka tunani yake yi mana. "Ni na jawo, da ban aike shi gona ba." Wannan magana takan kama uwa da safe, ta ja ta har dare, tuwo ya ƙone, yaran da suka rage su kwana ba wanda ya dube su. Dabarar ita ce lura da kiran suna. Maimakon "Ni na jawo," sai ta ce, "Ga tunanin nan ya sake zuwa, mai cewa ni na jawo." Kamar wasa ne, amma ku gwada ku ji bambancin. A magana ta farko ita da tunanin abu ɗaya ne. A ta biyu kuwa tana tsaye tana kallonsa. Mai taimako kada ya shiga gardama da ita cewa ba laifinta ba ne. An faɗa mata haka sau ɗari. Bayan ta kira sunan tunanin, sai ta mayar da hankali ga abin da ke hannunta.

Ta uku, ba da wuri, ita ce mai wuyar karɓa a kunnen mutanenmu, don haka za mu ɗan tsaya a kanta. Idan hayaƙi ya cika ɗakin girki, mai rufe ƙofa domin kada maƙwabta su gani ita ce idonta zai fi ci. Mai buɗe ƙofa ba ta kashe wutar ba, hayaƙin ma yana nan, amma tana iya numfashi ta gama girkinta. Ana tambayar mutum, a ina kake jin abin a jikinka? A ƙirji? A maƙogwaro? Nauyi ne ko zafi? Sai ya ja numfashi kamar yana buɗe wa abin fili, ya bar shi ya zauna, ba tare da turewa ba.

Wani zai ce, ai wannan dangana ce, mun san ta. Ba ɗaya ba ne. Karɓar da ake nufi ta abin da ke cikin zuciya ce, ba ta zaluncin da ke waje ba. Ba a ce mace ta karɓi dukan miji ba, ba a ce ƙauye ya zauna a inda ake kai hari ba, ba a ce a daina neman hukuma ta yi aikinta ba. Abin da za a iya gyarawa a gyara, inda ya kamata a tashi a tashi. Zafin da ya rage bayan haka shi ake ba wuri. A ganinmu kuma wannan bai saɓa wa bangaskiya ba. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, kuma da ita ya ci gaba da tafiye-tafiyen bishara. Ubangijinmu da kansa ya zubar da hawaye a kan mutuwar Li'azaru. Addu'a tana nan daram. Abin da muke roƙo shi ne kada a mai da ita murfin rufe bakin mai kuka.

Ta huɗu ita ce aikata abin da ke da daraja. Tambayar ba "me kake so ka samu?" ba ce, domin gonar da ke bakin daji wataƙila ba za ta nomu bana ba. Tambayar ita ce, "wane irin uba kake so ka zama, ko a wannan hali?" Idan ya ce mai kula da 'ya'yansa, sai a nemi ƙaramin abu ɗaya da zai yi a makon nan: ya raka yarinyarsa makaranta ranar Litinin, ko ya zauna cin tuwon dare tare da iyali. Zai tafi da faɗuwar gaban, ba sai ta wuce ba. Mako mai zuwa a tambaye shi yadda ta kaya.

Ta biyar, yin kirki, gajera ce. Ka yi wa kanka magana yadda za ka yi wa amininka da ke cikin wannan hali, ka kuma nemi wani ka yi masa alheri komai ƙanƙantarsa.

Ga masu taimako

Fastoci, masu bishara, dattawa da shugabannin zumuntar mata, ku fara gwada dabarun nan a kanku na mako biyu kafin ku koya wa wani. Kada ku matsa wa kowa ya ba da labarin abin da aka yi masa a daji. Hanyar nan ba ta buƙatar haka, tilastawa kuma takan tayar da miki. Mata su zauna da mata, maza da maza. Abin da aka faɗa a zaman kada ya fito a wa'azi ko a roƙon addu'a na ranar Lahadi, ko da ba a ambaci suna ba, domin a ƙauye kowa ya san kowa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki ne aka sami matsala.

Ku kuma san iyakarku. Idan mutum yana maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya daina ci da wanka, ko ya yi kwanaki ba barci sam, ko ƙwaya da giya sun kama shi, wannan ya wuce zaman tabarma. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin feshi da igiya da wuƙa daga kusa da shi, kada kuma a ɗaure shi ko a yi masa bulala. A kai shi Babban Asibitin Talata Mafara ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, daga can za a iya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Tun Janairu 2023 Nijeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya. A tafi da rana, tare da ɗan'uwa ɗaya da ya san yadda ciwon ya fara, a kuma riƙe duk takardar asibiti ko kwalin maganin da ya taɓa sha.